Martani: Rage wa Taya Iska Ba Ya Hana Ta Fashewa

Iskar da ke cikin taya ce ke ɗauke da mota da kayanta. Roba da wayoyin ƙarfen da aka saƙa a cikinta aikinsu shi ne su tsare iskar nan, su kuma kama ƙasa. Saboda haka nauyin da kowace taya za ta iya ɗauka yana hawa yana sauka gwargwadon iskar da aka buga mata. A kan wannan ƙa'ida kamfanonin taya suke tsara lissafin lodinsu, kuma ita ce wata maƙala da ta fito kwanan baya game da manyan motocin da ke lodi a karar Mai'adua ta tsallake. Marubucinta ya kawo shawarwari uku. Ta farko, tunda zafi yana kumbura iska, da bazara direba ya rage wa tayoyinsa iska kafin ya tashi, in kuma ya tsaya a hanya ya ji sun ɗau zafi ya ƙara sace musu kaɗan. Ta biyu, taya mai laushi ta fi yi wa shanu daɗin tafiya a hanya mai ramuka. Ta uku, bawul ƙofar iska ce kawai, duk wanda ya shiga ramin rim ya wadatar, sayen na ƙarfe almubazzaranci ne. Niyyar marubucin mai kyau ce, rayuka yake son karewa. Sai dai shawararsa ta farko tana jawo ainihin abin da yake gudu, ta biyu ta ɗora wa taya aikin da ba nata ba, ta uku kuwa ta raina ɗan abin da duk iskar ta rataya a wuyansa.

Maganar ba ƙarama ba ce a Mai'adua. Garin yana bakin iyakar Najeriya da Nijar, cikin masarautar Daura, kuma kowace Lahadi kararsa tana tara shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Damagaram da Matamaye da sauran ƙasar Nijar ta wajen Kwangwalam, haɗe da na ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu. Daga nan tireloli ke kwasar su, su bi ta Daura da Kazaure su faɗa Kano, sannan su miƙa kudu zuwa Legas, Ibadan, Anacha ko Fatakwal. Tafiya ce ta sama da kilomita 1,000, da kaya masu rai waɗanda ba sa jure jinkiri. Tirela mai aksul 3 a baya, idan aka haɗa da kan da ke jan ta, a kan tayoyi 22 take tsaye. A saman bodinta sau da yawa akwai mutane, masu kula da dabbobin da 'yan ci-rani, duk da gargaɗin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take yi game da haɗa mutane da dabbobi a mota ɗaya. Shawarar da aka ba direban irin wannan mota ta shafi duk wanda ke saman bodin, ko da ba a nemi ra'ayinsa ba.

Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a jikinta. A gefen samfurin 315/80R22.5, wanda ya yawaita a manyan motocin ƙasar nan, akan ga lamba 156/150. Ma'anarta ita ce tayar za ta ɗauki kilo 4,000 idan ita kaɗai ce a gefen aksul, ko kilo 3,350 idan tana cikin tagwaye. Kusa da wannan lamba an rubuta iskar da alkawarin ya dogara a kanta, galibi 850 ko 900 kPa, wato fam 123 zuwa 130 a gejin masu faci. Faffaɗar tayar nan ta tirela, 385/65R22.5 mai lamba 160, tana ɗaukar kilo 4,500 a fam 130. Dukkan waɗannan adadi na taya mai sanyi ne, wadda ta huta aƙalla awa 3 ba ta yi tafiya ba kuma ba ta gasu a rana ba. A bakin iyaka akwai wani ƙarin abin lura. Masu facin Nijar da bar suke auna iska, abin da a baki suke ce wa kilo, kuma bar 1 daidai yake da fam 14.5. Kilo 8 da rabi a Matamaye shi ne fam 123 a Mai'adua. Direban da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu yana bukatar ya riƙe ma'aunan biyu a ka.

Marubucin ya yi gaskiya a wuri ɗaya: zafi yana ƙara matsin iska. Abin da bai yi ba shi ne lissafin yawan ƙarin. Tayar da aka buga wa fam 120 da asuba, iskar cikinta tana digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, idan ta yi tafiya har iskar ta kai digiri 65, geji zai nuna kimanin fam 138. An samu ƙarin fam 18 ke nan. Masu ƙera taya sun san da wannan ƙari tun kafin su rubuta adadin da ke gefenta, shi ya sa suka ce a auna a sanyi. Lafiyayyar tayar babbar mota tana jure ninki biyu ko fiye na iskar aikinta kafin matsi kaɗai ya fasa ta, don haka fam 138 bai ko kusanci iyakarta ba. Bambancin yanayi ma bai kai yadda ake zato ba. Tsakanin asubar hunturu mai digiri 14 da asubar bazara mai digiri 28, tayar da ba a taɓa ba za ta nuna bambancin fam 6 ko 7 kacal. Gyaran wannan shi ne a auna da sassafe a kowane yanayi, a mai da iskar adadin da ya dace da lodin. Bazara ba ta da wani adadi nata na daban.

Zafin da ke kashe taya daga cikinta yake tasowa. Duk juyin da taya ta yi, sashen da ya taɓa ƙasa yana lotsawa, gefenta ya lanƙwashe, sannan ya miƙe idan ya bar ƙasa. Tayar tirela tana yin wannan sau 300 da 'yan kai a kowace kilomita, wato sama da sau 300,000 tsakanin Mai'adua da Legas. Wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san wurin lanƙwasar yana yin zafi har ya ƙona yatsa kafin ya tsinke. Haka wayoyin da ke gefen taya suke. Idan iska ta cika, lotsawar kaɗan ce, zafin da take haifarwa yana fita ta jikin roba da rim. Idan iska ta ragu, lotsawar tana zurfi, zafin yana taruwa a kafaɗar taya, inda robar ta fi kauri, fiye da yadda zai iya fita. Daga nan robar da ke manne da wayoyin ta fara saki, zanen taya ya rabu da gangar jikinta. Wannan shi ne asalin baƙaƙen ɓawon taya da ke zube a gefen titin Kano zuwa Zariya. Tun da kamfanin Michelin ya yi rajistar taya mai wayoyin da suka tsaya a gicciye a shekarar 1946, irin wadda ke da harafin R a lambarta, gefen taya ya ƙara zama siriri mai motsi, ya kuma ƙara dogara da iska.

Idan aka bi shawarar marubucin daki-daki da lissafi, ga inda take kaiwa. Direba ya ce wa mai faci, "Malam, rage mata kaɗan, akwai rana," aka sauke daga fam 120 zuwa 105. Motar ta tashi da la'asar ɗin Lahadi. Kafin Zariya iskar cikin tayar ta kai digiri 65, geji ya haura fam 120, yaron mota ya danna fil ɗin bawul ya mai da ita 105 kamar yadda maƙalar ta ce. Da tayar nan za ta huce ta koma digiri 25, abin da zai rage a cikinta fam 91 ne, wato kashi 76 cikin 100 na iskar da take bukata. A ƙa'idar masana'antar taya, duk tayar babbar mota da ta yi tafiya da ƙasa da kashi 80 cikin 100 na iskarta ana ɗaukar ta a matsayin wadda aka taka a sace, ba a ƙara mata iska sai an cire ta daga rim an duba cikinta. Direban bai ga alamar komai ba, domin zafin da ke cin tayar shi ne kuma ke riƙe geji a sama. Sace iska daga taya mai zafi ba ya sanyaya ta. Yana ƙara mata lotsawa, lotsawar ta ƙara mata zafi, zafin ya sake ɗaga geji, a sake sacewa.

Akwai kuma asarar ƙarfin ɗaukar kaya. Tayar da ke ɗaukar kilo 3,350 a fam 123, idan ta sauka zuwa fam 100 abin da za ta iya ɗauka yana raguwa da kusan kilo 500. A tayoyi 12 na bodin tirela, an zubar da ƙarfin sama da tan 5 da rabi. In aka ƙaddara kowane sa kilo 400 ne, nauyin shanu 14 ke nan. Ba a taɓa jin dillalin da ya sauke shanu 14 daga mota don an rage wa taya iska ba. Motar da aka yi wa lodi daidai ƙa'ida ta koma mai lodin wuce kima ba tare da an ƙara mata ko ɗan maraƙi ba, wadda kuma dama lodinta ya wuce kima, sai abin da Allah Ya yi. Man dizal ma yana shan wahalar, don taya mai laushi ta fi nauyin ja.

An taɓa gwada wannan ra'ayi a fili, kuma an biya da rayuka. A shekarun 1990 kamfanin Ford ya ba da shawarar fam 26 ga tayoyin Firestone da ke kan motarsa Explorer, alhali Firestone daga baya ya tsaya a kan fam 30. Zanen tayoyin ya riƙa ɓarewa a kan gudu, motoci suna kifewa, kuma abin ya fi tsanani a wurare masu zafi: kudancin Amurka, Saudiyya da Benezuwela. A watan Agustan 2000 aka janye tayoyi miliyan 6.5. Binciken da ya biyo baya ya sami aibi a ƙirar tayar da yadda aka sarrafa ta, tare da ƙarancin iska da zafi da nauyi. A wannan shekarar majalisar Amurka ta yi dokar da ta kai ga tilasta sa na'urar gargaɗin iska a sababbin ƙananan motoci daga 2007. Na'urar tana kunna fitila ne idan iska ta yi ƙasa.

Dalilin da ya sa ra'ayin marubucin ya sami karɓuwa a tashoshin mota shi ne abin da ido ke gani gaskiya ne: tayoyi sun fi fashewa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a ƙasar Daura ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Amma rana ba ta zaɓar taya mai cikakkiyar iska. Abin da take yi shi ne rage wa taya damar fitar da zafinta, sai wadda dama ke kan gaɓa ta faɗa. Masu kai taya gaɓar sanannu ne: ƙarancin iska, lodin wuce kima, gudu, birkin da ke kamawa yana gasa rim, da tsufa. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, tayoyin manyan motoci daga waje ake shigo da mafi yawansu, sababbi da na gwanjo. Lambobi 4 na ƙarshe a hatimin DOT da ke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya mai tsatstsagen gefe ba ta samun lafiya don an rage mata iska. Maganinta a rage mata kaya da gudu, ko a sauke ta.

Batun jin daɗin shanu bai bukatar dogon bayani. Aikin shanye girgiza na sifirin ne, sauran kuma yana ga yashin da aka shimfiɗa a bodi, da yawan dabbobin da aka cusa, da yadda direba ke taka birki da shan kwana. Taya mai laushi tana sa bodi ya riƙa tangaɗi a kwana, kuma shanu a tsaye suke, nauyinsu a sama. A kan rami ma ita ce ta fi cutuwa, don gefenta yana matsewa tsakanin bakin ramin da rim, waya ta tsinke daga ciki, bayan kwana biyu ƙululu ya fito. Babu wahalar da ta kai wa dabba tsayuwar wuni guda a rana a gefen titi ana neman taya. Wuri ɗaya ne rage iska ke da amfani: cikin rairayi, irin hanyoyin ƙauyukan iyaka, inda faɗaɗa tafin taya ke hana mota nutsewa. Sharaɗinsa tafiya a hankali, gajeriyar hanya, da mai da iskar kafin a hau kwalta. Haka kuma cika iska fiye da kima yana da nasa lahani: tsakiyar zane ta cinye da wuri, taya ta rage kama ƙasa a damina, dutse ya fi saurin yanka ta. Abin da ake nema shi ne adadin da ya dace da nauyin da ke kan aksul.

Tagwayen taya suna ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Guda biyun a ɗaure suke da juna, dole su yi juyi ɗaya. Idan ɗaya ta fi iska ta fi tsawo, sai ta ɗauki kaso mafi yawa na nauyin, gajeriyar kuma ana jan ta a ƙasa tana gogewa. Bambancin fam 5 ya isa ya fara wannan ɓarna. Wanda ke sace iska da ƙusa a gefen titi ba shi da hanyar daidaita tayoyi biyu, balle 22, kuma kusan kullum ta waje yake samu ya sace, ta ciki ta rage da nauyin. Dukan taya da ƙarfe, wanda yaran mota ke yi a kowace tsayuwa, al'ada ce mai amfani wajen gano wadda ta sace gaba ɗaya. Kunne ba ya rarrabe fam 120 da fam 100. Gejin ƙananan motoci da ke ƙarewa a fam 50 ko 60 ma ba ya aiki a nan. Na babbar mota yana kaiwa fam 150 ko 160, yana da baki biyu don ya kama bawul ɗin ciki da na waje.

Game da bawul, ana iya gane inda marubucin ya ruɗe. Bawul ɗin da ke kan babur da mota da tirela duk zuriyar wanda kamfanin August Schrader na birnin New York ya yi wa rajista ne a 1893, kuma bakinsu ɗaya, fil ɗinsu ɗaya, tiyo ɗaya ke ba su iska. Bambancin yana gindi, inda bawul ya haɗu da rim. Na roba zalla, wanda ake cusawa ta ciki a ja shi ya zauna, irin TR413 na ƙananan motoci, iyakarsa fam 65 a sanyi. Akwai mai jikin tagulla da gindin roba mai kauri, TR600HP, wanda aka yi don fam 80. Sai na ƙarfe mai noti, wanda ke matse zoben roba tsakaninsa da rim, yana kaiwa har fam 200; daga cikinsa ne TR572 da TR573 na rim ɗin ƙarfe na manyan motoci suke. Ramin rim ma iri-iri ne: na kimanin milimita 11.5, na kimanin milimita 16, da na milimita 9.7 a rim ɗin alminiyam na manyan motoci. Haɗarin yana nan: akwai bawul na roba, TR415, da ke shiga ramin milimita 16 daram, alhali iyakarsa ita ma fam 65 ce. Shiga rami ba shaidar dacewa ba ce. A fam 120, iska tana tura bawul ɗin da ke wannan rami waje da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 17, dare da rana, ga juyin taya yana lanƙwasa shi, ga zafin birki yana gasa robar.

Kuskuren ya fi faruwa a matsakaitan motoci: Hilux da bas da J5 da ke kai tumaki da buhunan hatsi tsakanin Mai'adua, Daura da Kano, da ƙananan tirelolin tarakta da na tankin ruwa. Tayar bas samfurin 195R15C mai ninki 8 tana kai ƙarshen lodinta, kilo 950, a fam 65, wato daidai iyakar bawul na roba. Mai mota ya ga kaya sun yi yawa ya sayi taya mai ninki 10 ko 14, aka buga mata fam 80 ko 100, bawul kuwa na da ne. A Amurka ma an san wannan matsala a tirelolin kwana da iyalai ke ja da mota zuwa yawon hutu: tayoyinsu masu harafin E suna cin fam 80, masu harafin G fam 110, kuma ƙa'ida ita ce duk wanda ya hau zuwa irin waɗannan tayoyi ya canza bawul, ya kuma tabbatar rim ɗin kansa an yi shi don wannan matsi. Ingancin robar ma abin dubawa ne. A 2008 an janye bawul kimanin miliyan 6 samfurin TR413 daga kasuwar Amurka saboda robarsu tana tsagewa a gindi tun ba su tsufa ba.

Lalataccen bawul yana kashe taya ta hanya biyu. Wani lokaci ya fice gaba ɗaya, iska ta ƙare cikin daƙiƙoƙi, a tayar gaba kuwa wannan yana nufin sitiyari ya ƙwace. Mafi yawa yoyo yake yi a hankali, fam 2 yau, fam 3 gobe, har tayar ta shiga halin da aka bayyana a sama ta fashe a tsakiyar rana, a ɗora wa bazara laifi. Yawun da mai faci ke ɗigawa a bakin bawul fil kaɗai yake gwadawa. Gindin sai da ruwan sabulu, na roba kuma a tanƙwara shi gefe a duba tsaga. Na ƙarfe ma yana da sharuɗɗa. Idan aka ɗaure noti fiye da kima zoben robar yana murƙushewa, idan aka bar shi sako-sako yana yoyo. Tagulla tsirara a kan rim ɗin alminiyam tana cin juna da shi, don haka irin wannan rim yana da nasa bawul mai rufin farin ƙarfe. Kusa da birki ana sa fil mai jar roba, wanda aka yi don zafi. Duk lokacin da aka sauya taya a sauya bawul na roba, ko zoben robar na ƙarfe da fil ɗinsa. Kuɗin bawul 22 bai ko kama ƙafar kuɗin taya ɗaya ba.

Murfin bawul, wanda maƙalar ba ta ko ambata ba, yana da muhimmanci na musamman a ƙasa mai ƙura. Da hunturu, da kuma cikin kara inda yashi da kashin dabbobi ke cakuɗe, ƙwayar rairayi ɗaya da tiyo ya tura cikin fil ta isa ta hana shi rufewa. Murfi na ƙarfe mai 'yar roba a ciki yana tare ƙurar, yana kuma riƙe iska ko da fil ya fara yoyo. Na leda ƙura kawai yake tarewa, zafin birki kuma yana iya narka shi. Tayar ciki ta tagwaye tana bukatar bawul mai tsawo da lanƙwasar da ta dace, ko ƙarin wuya da aka ɗaure don kada ya riƙa karkaɗawa, kuma a jera tagogin rim biyun yadda hannu zai kai. Tayar da geji ba ya isa gare ta ba a auna ta, ko da direban mai kula ne.

Har yanzu akwai motoci da yawa a wannan hanya da ke amfani da taya mai tub, irin 12.00R20 da 11.00R20. A nan bawul a jikin tub yake, don haka zaɓen tub shi ne zaɓen bawul. Ƙarancin iska yana barin taya ta zame a kan rim idan an taka birki ko an ja da ƙarfi, ta ja tub, gindin bawul ya yage. Masu babur sun san wannan sarai. Tsohon tub da ya riga ya buɗe yana naɗewa a cikin sabuwar taya, wurin naɗin ya tsage. Sabuwar taya tana son sabon tub da sabuwar shimfiɗar robar da ke raba shi da rim, kuma a zaunar da bawul a tsakiyar tsagar rim don kada ƙarfe ya goge shi ko ya jingina da birki.

Shawarar sace iska tana da wani wanda take cutarwa da ba ya cikin motar, wato mai faci. Tayar da ta yi doguwar tafiya a sace wayoyin gefenta sun gaji, wasu sun tsinke a ɓoye ƙarƙashin roba. Idan aka kawo ta Kano ko Lakwaja aka ce a cika ta, gefen yana iya tsagewa a tashi ɗaya, iskar ta fito da ƙarfin da ke kashe mutum. Alamunsa ƙarar ƙas-ƙas yayin da iska ke shiga, da gefen taya da ya yi tudu da kwari. Rim mai zobe na taya mai tub yana da irin wannan haɗari idan zoben bai zauna daidai ba, ko ya yi tsatsa, ko an haɗa zoben wani rim da wani. Ƙa'idar hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta tanadi a buga wa irin waɗannan tayoyi iska a cikin keji na ƙarfe, da tiyo mai kama bawul da kansa, mai tsawon da zai bar ma'aikaci ya tsaya nesa da fuskar taya. Ta kuma tanadi cewa tayar rim mai zobe da ta yi tafiya da kashi 80 cikin 100 na iskarta ko ƙasa da haka, a cire fil a sace ta gaba ɗaya kafin a kwance notin da ke riƙe da ita a jikin mota, in tagwaye ne kuma a sace dukkan biyun.